Hattara da Masu Gyaran Bakin Kwano na Bayan Iska

Da zarar iskar farkon damina ta taɓa gidaje a watan Mayu zuwa Yuni, wasu mutane kan bazu cikin unguwanni, musamman sababbin unguwannin bayan gari inda maƙwabci bai gama sanin maƙwabcinsa ba. Su biyu ne ko uku, da tsani da guduma, da tef ɗin awo a ƙugu. Sai su yi sallama, su nuna katakon da ke goshin bakin rufin gidan, wato fesin bod, su ce, "Alhaji, wannan fesin bod ɗin ya gama, iska ɗaya ta rage ta ɗauke maka kwano gaba ɗaya. Bari mu hau mu duba, kyauta ne." In maigida ba ya nan, uwargida suke tsoratarwa har ta kira shi a waya.

Jama'a, kada ku bar wanda ba ku san shagonsa ba ya hau muku rufi. Daga wannan hawan na kyauta ake fara cutar. Yana sama ba mai ganinsa, zai iya zare ƙusa biyar ko shida, ya ɗaga gefen kwano, ya sauko da hoto a waya. Wani lokacin ma hoton na wani gida ne daban. Daga nan sai ya yanke kuɗi a dunƙule, "kayan aiki da kuɗin hannu, kaza," ba awo, ba lissafi, ya nemi kashi biyu cikin uku a take wai don katako zai tashi gobe. Wasu daga karɓar kuɗin ba a sake ganinsu. Waɗanda suka fi mugunta sukan dawo su ɓamɓare fesin bod da silin waje duka a rana ɗaya, ga hadari yana haɗowa, sannan su ce ɓarnar ta fi yadda suka zata, sai an ƙara. Mai gidan da aka yaye wa baki a tsakiyar damina ba shi da bakin ciniki, kuma sun san haka.

Irin wannan tarkon yana nan a Facebook da TikTok: hotunan gidaje masu kyau da aka kwaso daga shafukan wasu, lambar waya, da asusun banki mai sunan wani mutum daban da sunan kamfanin da aka rubuta.

Abin da ke ba maganarsu ƙarfi shi ne akwai gaskiya a cikinta. Bakin rufi abu uku ne: kawunan rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, da suka leƙo waje da bango, katakon fesin bod da aka buga a goshinsu, da silin da ya rufe ƙasansu. In silin nan ya faɗi ko ya yi rami, iska tana shiga cikin rufin ta tura kwanon daga ƙasa, ita kuma ta waje tana jansa sama, sai ƙusoshi su fara saki. Jemage da tattabaru da ɓeraye ma ta nan suke shiga. Gyaran ya zama dole. Amma ɓarnar bakin rufi aba ce da ake aunawa, kuma maigida da kansa zai iya yi a yini ɗaya.

Ga yadda ake yi. A kafa tsani mai ƙwari, wani ya riƙe, a kula da wayar lantarki domin a gidaje da yawa ta bakin kwano take shigowa. A ɗauki sukundireba a riƙa danna katakon duk bayan ƙafa 2, a fi matsa wa kusurwoyi, da mahaɗar katako biyu, da ƙarƙashin inda rufi biyu suka haɗu suna zubo ruwa wuri ɗaya. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe, sai ɗan tabo. Wanda ya ruɓe sukundireba na nutsewa cikinsa, ya fito da gari baƙi-baƙi mai danshi. Wanda gara ta ci kuwa fuskarsa lafiya lau, amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko, kuma za ka ga hanyar ƙasa da ta gina ta bi bango ta hau. Duk inda ya gaza a ja masa alli. Fenti da ya ɓare kawai ba ruɓa ba ne; kankarewa da sabon fenti yake so. Sau da yawa za a tarar katako uku ko huɗu ne suka mutu, a gefen da ruwa ke bugawa, wanda a ƙasar Hausa yawanci gabas ne, tunda daga can hadari ke tasowa.

Sai lissafi, wanda shi ne abin da macuci ba ya so a yi a gabansa. A ce gida ƙafa 40 ne a tsawo, 30 a faɗi, rufin ya gangaro ta kowane gefe ya leƙo ƙafa 2. Bakin rufin ya zama 44 da 34, kewayensa ƙafa 156. Katakon fesin bod, wan-bai-tuwal, wato mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12, tsawonsa ƙafa 12 ne, saboda haka guda 13 sun zagaye gidan gaba ɗaya. A ƙara biyu saboda yanka da wanda zai zo a karkace, 15 ke nan. Silin waje kuma: 44 sau 34 ya ba da 1,496, a cire 1,200 na jikin ginin, saura murabba'in ƙafa 296, wato kusan murabba'in mita 27 da rabi. Fuskar fesin bod ɗin duka ba ta kai murabba'in mita 15 ba, galan ɗaya na fentin mai mai lita 4 ya isa shafi biyu. To in wani ya rubuto maka katako 30 da galan huɗu a gida irin wannan, ka san da wa kake magana. In kuma gefe ɗaya ne ya lalace, na ƙafa 44, katako huɗu ne maganar.

Da wannan adadin a hannu sai a tambayi farashin ranar. A Kano akwai 'Yan Katako ta Na'ibawa, da Ƙofar Ruwa don ƙusa da kwano da fenti. A Kaduna akwai Panteka, a Abuja Dei-Dei, a Yamai kasuwar Katako. Shago uku za a tambaya, ba ɗaya ba, kuma ba shagon da mai aikin ya nuna kaɗai ba, domin akwai masu haɗa baki a rubuta rasit sama da abin da aka biya a raba rarar. Farashi yana motsi kusan kowane wata, shi ya sa "jimla" marar rarrabewa ta zama maɓoyar ɓarawo. A nemi takarda mai layi-layi: katako nawa, wane iri, wane kauri, ƙusa fam nawa, maganin gara, fenti, haya ta tsani ko katakon hawa, kuɗin hannu daban.

Cuta mafi muni ita ce ta lulluɓi. A yanzu ana yayin rufe fesin bod da alminiyom mai launi, kuma aiki ne mai kyau in katakon da ke ƙasa lafiyayye ne. Macuci sai ya karɓi kuɗin sabon katako, ya bar ruɓaɓɓen a wurin, ya lulluɓe shi da alminiyom, ya saka silin roba a ƙasa. Daga tsakar gida abin gwanin sha'awa. A ciki kuwa danshi ya samu ɗaki, ba iska ba rana, ruɓar ta bar fesin bod ta shiga kawunan rafta. Ƙusar da aka buga cikin ruɓaɓɓen katako ba ta riƙe komai, kamar an soka tsinke a tuwo. Bayan damina ɗaya ko biyu sai alminiyom ɗin ya fara kaɗawa, silin ya yi ciki, kuma aikin da katako huɗu za su gama ya koma na kwance kwano a canza rafta. Don haka sharaɗin farko: duk katakon da aka ce an cire, a sauko da shi ƙasa a jera, maigida ya ƙirga, kuma ya ga kawunan rafta tsirara da idonsa kafin a rufe.

In kan rafta ya ruɓe, ba a cike shi da garin katako da gam. Ana yanke ruɓar har a wuce ta da kamar ƙafa ɗaya cikin lafiyayyen katako, a kawo sabon tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, a jingina a gefen tsohon, ya shige ciki aƙalla ninki biyu na abin da ya leƙo waje. Wato in leƙowar ƙafa 2 ce, ƙafa 4 su kwanta a jikin tsohon rafta, a ɗaure da ƙusa mai inci 4 a jere biyu ko da noti. Guntun katako mai ƙafa ɗaya da aka manna a baki don kawai a samu wurin buga fesin bod ba gyara ba ne. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa domin kawunan su daidaita, kuma mahaɗar kowane katako biyu ta faɗo a kan rafta, ba a sarari ba.

Kayan aikin ma ana sauya su. Ana sayar wa mutum jan katako a kawo masa farin katako mai laushi an shafe shi da baƙi. Ana cewa inci ɗaya a kawo wanda bai kai uku bisa huɗu ba. Tef ɗin awo ya raba gardama. Ɗanyen katako kuma yana da nauyi da sanyi a hannu, garinsa na manne wa zarto, kuma da hunturu ya shigo zai bushe ya murɗe ya buɗe mahaɗa. Maganin gara nan ne aka fi yin ha'inci: a zuba baƙin mai na inji da ɗan gas a tsohon gwangwanin solignam a ce shi ne. Baƙin mai yana hana fenti kamawa, yana ɓullowa ta cikinsa, ga shi yana ƙara wa katako saurin kama wuta. A sayi maganin a rufe, a buɗe a gaban maigida, kuma ga katakon da za a fente a nemi marar launi. A shafa gaba da baya, a jiƙa bakin da zarto ya yanka sosai, domin ta nan katako ke shan ruwa. Fentin ruwa na bango ba ya zama a fesin bod. Sai firama, wato shafin share fage, sannan fentin mai shafi biyu.

Alminiyom ana sayar da shi ne da kauri: 0.45, 0.55, 0.7 na milimita. Ido ba ya bambance 0.35 da 0.55 in an riga an buga. A auna da na'urar auna kauri a wurin saye, ko a ɗora a sikeli: murabba'in mita ɗaya na shimfiɗaɗɗen 0.55 yana kusan kilo ɗaya da rabi, na 0.45 kilo 1.2, na 0.35 bai cika kilo ɗaya ba. A kuma kai maganaɗisu jikinsa. In ya manne, ƙarfe ne aka fente, ba alminiyom ba. Tsohon alminiyom da aka cire kuma kuɗi ne a wurin 'yan gwangwan, na maigida ne, kada a tafi da shi da sunan share wuri.

Duk wannan aikin banza ne in ba a gano ta inda ruwan ke zuwa ba, kuma mai gaskiya da wannan yake farawa. Kwano ya kamata ya zarce fesin bod da kamar inci 2. In ya tsaya daidai da shi, ruwa na bin katakon yana gangarowa. Robar kan ƙusar kwano tana ƙonewa da rana ta tsage, sai a canza ƙusoshin layin ƙarshe. Gota tana cika da ƙurar hunturu da ganyen darbejiya, ruwa ya tumbatsa ta baya. A kwashe ta kafin ruwan farko, kuma ta gangara kwata zuwa rabin inci a kowace ƙafa 10 zuwa bututu. A bar wa silin waje ƙofofin iska masu raga, in ba haka ba zafi da danshi su taru a rufin. Gidajen da ke da tsohon silin asbestos kuwa, kada a bari a farfasa shi da guduma ko a yanka da zarto. Ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a kawar da yara daga wurin.

Wajen biya, maigida ya sayi kaya da kansa ko ya aika nasa mutum tare da kafinta. Kuɗin hannu a kasa shi uku: kashi ɗaya ranar farawa, ɗaya bayan an ga rafta da sabon katako kafin a rufe, na ƙarshe bayan an zuba ruwa a kan kwanon an ga inda yake sauka. A buɗe gefe ɗaya a gama shi kafin a taɓa na biyu. A je a ga shagon mai aikin, a ga gida biyu da ya yi wa aiki bara, ba na jiya ba, a gaisa da masu gidan. In ya ce kamfani ne, a duba sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, binciken suna kyauta ne, kuma sunan asusun da za a tura kuɗi ya zo daidai. Yarjejeniya a rubuce, da shaidu biyu, mai unguwa ya san da ita.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru, domin gidan gaba macutan suke nufa. Ya adana rasit, da shaidar tura kuɗi, da saƙonnin waya, ya ɗauki hoton aikin yadda aka bar shi kafin wani ya taɓa. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta tarayya ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, kuma sashe na 320 na Penal Code, kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ya yi bayanin ha'inci. A kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, a sanar da banki da wuri, a faɗa wa mai unguwa da shugabannin kafintocin yankin. Kafin a samu mai gyara na ƙwarai, a rufe inda aka yaye da tamfol, a danne gefensa da tu-bai-tu a buga cikin lafiyayyen rafta, kada a ɗora bulo a kan kwano, iska na jefo shi tsakar gida.