Abin taunawa na siliko da ake rataya wa yara, ra'ayina

Iyaye masu yaran da komai sai sun kai baki, wuyan riga, fensir, farce, har igiyar jaka, ga abin da na gani game da abin taunawan nan na siliko, wato wata irin roba mai laushi, mai kama da sarƙa. Ɗana yana da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, mai koya masa magana ce ta ce mu gwada, ta ce taune-taunen nan ba rashin ji ba ne, ƙarfin da muƙamuƙi ke yi wajen tauna shi ke kwantar masa da hankali musamman in hayaniya ta yi yawa, to maimakon a yi ta hana shi gara a ba shi abin da ba zai cutar da shi ba.

Gaskiya ya yi aiki, rigunansa sun huta. Amma fa kar kyau ya ruɗe ku, ku fara lura da inda yaro ke tauna. Mai faɗin nan kamar kwabo na masu tauna da haƙoran gaba ne, nawa kuwa da turame yake yi, sai da muka samu dogo mai kama da sanda wanda ke kaiwa can ciki sannan ya karɓa. Yawanci ƙarfinsu hawa 3 ne, mai laushi, matsakaici da mai tauri, in yaronku na ragargaza fensir kar ma ku ɓata kuɗi kan mai laushin.

Abin da ya fi burge ni maɓallin igiyar, da an ja da ƙarfi yake ɓallewa don kar ta shaƙe yaro, duk da haka ni kam ba na bari ya kwana da ita, kuma ƙasa da shekara 3 ba a rataya musu.

Matsalarsa, siliko akwai kwasar ƙura, igiyar kuma ta jiƙe da yawu ta yi wari, kullum sai an wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Sannan yana cinyewa, da kun ga ya fara tsagewa ku yar, guntun na iya maƙale masa a wuya. Ku duba an rubuta ba BPA (wani sinadarin roba da ake gudun illarsa) ba latex (robar itace da jikin wasu ba ya karɓa), masu arhar nan marasa suna ban yarda da su ba sam.

In yaro haɗiye abubuwa yake yi ba tauna kawai ba, wannan maganar likita ce, wani lokacin ƙarancin sinadarin ayon ne, wato sinadarin ƙarfe, a jini. Zan sake saya, mai taurin dai.