Keji, tabarmar fitsari da kwalbar feshi: abin da na gani bayan wata huɗu da ɗan kwikwiyo

Wata huɗu kenan da kawo ɗan kwikwiyona Damisa gidan nan, shi ya sa sai yanzu na zauna in yi magana a kan kayan da na saya masa, don da a satin farko na rubuta wallahi zagin mai shagon kawai zan yi, kuma da na ɗau alhakinsa ta wani ɓangaren.

Ni fa ba mai son kare bane tun asali. A Zariya na tashi, gidan da ko bakin zaure kare ya leƙo sai yara sun raka shi da duwatsu. Ɓarayi ne suka sa na canza ra'ayi, sau biyu ana hauro mana katanga, na farko aka kwance batirin mota, na biyu aka yanke wayar janareta aka haɗa da injin jan ruwa. Sai wani abokin aikina da karyarsa ta haihu yace in zo in zaɓi ɗaya, jinsin Jamus ɗin nan ne da muke cewa Alsashiyan amma akwai jinin na gida a jikinsa. Satinsa takwas lokacin, bai fi kyanwa girma ba, yara sai murna. Abin da ba wanda ya gaya min shine wannan ɗan mitsitsin abu fitsari yake kamar famfon da kansa ya lalace, ka juya baya ya tsuguna, ka wanke nan ya koma can.

Kuma mu matsalarmu ba irin ta Turawa bace da kare ke kwana kan kujerar falo. Damisa ba ya shiga ɗaki, ba zai taɓa shiga ba. Tsakar gida ce damuwar. Nan yara ke wasa ba takalmi, nan ake alwala, nan uwargida ke shanya, ita kuma Hajiya mahaifiyata lokacin zafi a baranda take sallolinta. Na tambayi limamin masallacinmu tun kafin in ɗauko shi, yace ajiye kare don gadi ba laifi, kuma a Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa bane, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne ba tantama. To kun ga inda gizo ke saƙar, dole karen nan ya san wuri ɗaya tak da zai riƙa yi, in ba haka ba zaman gidan ba zai yiwu ba.

Haka na tafi wani shagon kayan dabbobi a cikin garin Kaduna, ba zan kama suna ba. Shagon tsaf-tsaf, akwai esi, ga buhunan abincin kare na waje an jera har sama. Yaron shagon na jin bayanina yace "Oga abu uku za ka saya ka huta", ya ɗauko kejin waya mai naɗewa inci 42, da fakitin tabarmar fitsari wadda suke kira fad (kamar pampas ɗin yara ne aka baje shi, santimita 60 kowane gefe), da wata kwalbar feshi wai in na fesa a wuri kare zai ji ƙamshin ya je ya yi a wajen. Farashi ba zan faɗa ba don kafin ku karanta ya canza, kun san yadda kayan waje suke da dala, amma dai na ji a jikina ranar.

Bari in fara da tabarmar don ita ce ta ja min abin kunya.

Aikinta tana yi, ba zan yi ƙarya ba. Tana shanye fitsari, ƙasanta leda ce ba ta zubarwa, kuma cikin kwana biyar Damisa ya gane cewa kanta ake yi. Na shimfiɗa ta a ƙarshen baranda ina ta jin daɗi wai na ci nasara, har na tura wa abokina hoto a WhatsApp. Ashe abin da karen ya koya ba "wannan kusurwar" bane, abin da ya koya shine duk wani abu mai laushi mai kusurwa huɗu da aka shimfiɗa a ƙasa to banɗaki ne. Ya fara da abin goge ƙafa na bakin ƙofa, ban ɗauka da zafi ba. Ya yi a kan tawul ɗin da ya faɗo daga igiya. Sai ranar wata Juma'a Hajiya ta shimfiɗa darduma a baranda ta zagaya alwala, kafin ta dawo... kai, ba sai na ƙarasa ba. Ni da nake da 'ya'ya uku ranar na sha faɗa kamar ɗan firamare, "Kai yanzu da hankalinka ka kawo min wannan abu cikin gida?" Ba abin da nake cewa sai Hajiya ki yi haƙuri, Hajiya ki yi haƙuri. Sabuwar darduma na sayo mata washegari duk da an wanke waccan, tace ba ta ƙara ɗora goshinta a kai.

Kuma laifin ba na karen bane, abin da aka koya masa ya yi. Tabarmar nan an yi ta ne don mutumin da ke zaune a bene hawa na goma a Landan ko Dubai wanda kafin ya sauko da kwikwiyo ƙasa an riga an gama. Mu da muke da fili a bayan gida me ya kai mu? Sai ka koya masa yi a baranda, daga baya ka dawo kana fama ka raba shi da abin da kai ka ɗora shi a kai, aiki biyu. Ga shi da haƙora suka fara masa ƙaiƙayi ya mayar da ita abin wasa, ya yayyage ta, audugar ciki ta watsu ko'ina, ni kuma tsorona kar ya haɗiye ledar ta toshe masa hanji. Wannan duk yaron shagon bai gaya min ba, ko dai bai sani ba ko kuma shi dai ya sayar.

Kwalbar feshin ma ba sai na ɓata bakina ba. Na fesa, ya shinshina, ya yi atishawa, ya wuce. Asara ce kawai.

Kejin kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma shi ma sai da na sha wuya kafin in gane kansa. Dabarar keji ita ce kare ba ya son ɓata inda yake kwana, in ka saka shi a ciki zai riƙe har ka fito da shi. Ni kuma da na kafa shi a gareji na saka ɗan kwikwiyo cikin keji mai girman da babban Alsashiyan zai miƙe, sai ya raba wa kansa gida biyu, nan ɗakin kwana can masai. Kwana uku ina wanke tire da asuba ina tsaki. Sai da na kai shi allura likitan dabbobi ta tambaye ni ina ragar tsakiya, nace wace raga? Ashe wani ƙarfe da na gani a kwali na ɗauka ƙari ne na jingine shi bayan firiza, shine ake ratayawa a rage faɗin kejin, a bar masa daidai inda zai tsaya ya juya ya kwanta, yana girma kana matsar da ita baya. Ranar da na saka ta ranar aka daina kashi a keji. Minti ɗaya ya ishi mai shago ya min wannan bayanin, amma ya fi mayar da hankali kan sai na sayi buhun abinci mai tsada.

Ita likitar ce ma ta ban lissafin da ya fi duk abin da na saya amfani. Tace kwikwiyo kusan awa ɗaya yake iya riƙe fitsari a kan kowane wata na shekarunsa, in an yi sa'a a ƙara awa ɗaya, wato ɗan wata 2 kar ka sa ran ya wuce awa 2 zuwa 3. Kuma lokutan da lallai zai yi sanannu ne, da ya farka daga barci, bayan ya ci abinci da kamar kwata zuwa rabin awa, da bayan ya yi guje-guje. Da na zauna na duba sai na ga ai lokutan sallah sun kusa raba min ranar. In na tashi asuba kafin komai in buɗe keji in ɗauke shi cak, ba na barin ƙafarsa ta taɓa intalok don a hanya zai saki, in kai shi bayan gida. Da safe bayan ya ci maigadi ya kai shi, da hantsi ya ƙara, azahar, la'asar, magariba, bayan isha'i, sai kuma wajen ƙarfe 2 na dare wanda wannan kam ni ne da alam ɗin waya da tocila, sati uku ina yi, uwargida tana min dariya wai ko goyon autanmu ban tashi haka ba.

Wurin da na ware masa baro biyu na yashi ne na sa aka zuba a lungun bayan tankin ruwa. Abin da ya ja shi wajen ba feshin kanti bane, guntun tsohuwar tabarmar da ya riga ya jiƙa na binne sama-sama a yashin, hancinsa ya yi sauran aikin. Duk zuwa kalma ɗaya nake maimaitawa, "yi maza", na kuma ce wa maigadi da yara kar wanda ya canza ta. Da ya gama a take a wajen zan miƙa masa ɗan guntun dafaffiyar hanta, ba sai mun dawo ba, in ka jinkirta bai san ladan me aka ba shi ba. Hantar ba gishiri ba albasa, don albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, suna lalata masa jini, masu juye wa kare ragowar miya da kilishi ku ji da kyau.

Duka kuwa na hana. Maigadinmu dattijo ne mai kirki amma shi a saninsa kare tsintsiya yake ji, sau ɗaya ya kama shi ya dangwara masa hanci a fitsarin ya zane shi. Me ya biyo baya? Karen bai daina ba, sai dai ya daina yi a gaban mutum, ya koma lallaɓawa ƙarƙashin mota, kuma kwana biyu ko an kai shi yashi in maigadi na tsaye ba zai tsuguna ba. Nace Baba don Allah a bar dukan nan, in ka gan shi yana shinshina ƙasa yana zagaye tafa hannu kawai ka ɗauke shi ka kai shi lungu, in kuma an riga an yi to a wanke a yi shiru.

Wankin ma akwai magana. Mu da Izal da Hypo muka saba, hancinmu ya ji wuri ya yi fes, amma hancin kare yana jiyo ragowar warin ya koma ya maimaita a wajen. Akwai ruwan wanki mai enzayim da ke cinye warin gaba ɗaya, shagon ba su da shi ranar, sai a intanet na samu daga Abuja, kuma shi ya kamata a ce sun haɗa min maimakon feshin banza. Kafin ya iso ruwa mai yawa da omo nake fara yi sannan in bi da binega. Hypo kar a zuba shi kai tsaye kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe mutum, a fara wankewa tukun. Amma kar a yar da shi, shine ke kashe ƙwayar cutar fabo, wadda ke sa kwikwiyo amai da gudawa da jini ta kashe shi cikin 'yan kwanaki, kuma tana iya yin watanni a ƙasa. Saboda ita ne ban bar Damisa ya taka waje ba sai da ya gama alluransa wajen sati 16, ta haukan kare kuma yana wata 3 aka masa. Kashin da ke yashi kullum ake kwashewa, ƙwan tsutsar cikin kare na iya kama yaro mai wasa da ƙasa, autana kuwa komai baki yake kaiwa.

Ingancin kejin kansa, wayar tana da kauri, fentin bai ɓare ba, yana naɗewa ya shige but ɗin mota in za mu asibiti. Sakatar ƙofar gefe tana da sanyi, da ya kai wata huɗu ya koyi ture ta da hanci sai da na ɗaure da waya. Tiren roban ƙasa kuma ya tsage a wata na uku, na koma shagon suka ce ba sa sayar da tire shi kaɗai sai dai in sayi wani kejin, haba dai. Panteka na tafi da ma'auni wani mai walda ya lanƙwasa min na faranti ya naɗe bakinsa don kar ya yanke shi, ya fi na asalin ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani zai ce to me ya hana a ƙera kejin gaba ɗaya a can? Ana yi, kuma ya fi araha, sai dai a tabbatar an yi masa ragar tsakiya mai matsawa kuma kar a bar ƙasansa sanduna zalla, suna jin wa kwikwiyo ciwo a tafin ƙafa. Kuma ko wane iri ne kar a ajiye shi inda rana ke bugawa, zafin Maris da Afrilu a garin nan ƙarfe ya ɗau zafi kare zai iya mutuwa a ciki, ruwan sha kuma ban taɓa ɗauke masa da rana ba, sai dai in rage bayan isha'i. Ba kuma wurin da za a kulle shi wuni guda bane a tafi kasuwa.

Yanzu watansa shida. Yana kwana har asuba ba tashi, da rana yawanci a sake yake, in ya matsu da kansa yake zagayawa bayan tanki. Kuskure na ƙarshe ranar da aka yi ruwan farko ne, yashin ya jiƙe ya tsaya yana kallona ya ƙi takawa, ya je ya yi a gindin mota, sai da na sa aka kafa masa kwano biyu a saman lungun. In da maki ake bayarwa kejin huɗu cikin biyar, tabarmar ɗaya, feshin ko ɗaya bai ci ba, shagon kuma zan koma don kayansu na asali ne amma ba zan ƙara tambayarsu shawara ba.

Ragowar tabarmar tana nan kusan rabin fakiti, ita nake shimfiɗawa a but in za mu allura don mota na sa shi amai. Hajiya har yau ba ta kiran sunansa, "abin nan naka" take cewa, amma shekaranjiya na ji tana tambayar maigadi ko an ba shi ruwa. Dardumarta dai in za ta alwala a kafaɗa take rataye ta.