Wasiƙa daga Manchesta kan shimfiɗar takalmin da aka ce in aiko wa Hajiya

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali, da Hajiya, da duk mutanen gidanmu na Tudun Wada. Ya kasuwa, ya zafin Zariya? Mu a nan sai godiya, ban da ruwan sama da ba ya gajiya.

Saƙonka ya iso cewa diddigen Hajiya ya matsa mata, kuma wani ya ba ka labarin wata shimfiɗa da ake sa wa a cikin takalmi a Ingila, wai da an taka ta ciwo ya tafi. Zan aiko, wannan ba abin dogon zance ba ne. Sai dai ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambaya ba, shi ya sa na ga gara in amsa a fili inda kowa zai gani, don abin da ake zato game da kayan nan daban, abin da na tarar daban.

Ka san aikina a sito ne, tsayuwa da kai-komo a kan siminti tun safe har dare, cikin takalmin nan mai ƙarfe a baki da aka wajabta mana. Kusan duk wanda muke aiki tare, ɗan Poland ne ko ɗan Pakistan ko namu na gida, in ya cire takalminsa za ka ga ya ƙara wani abu a ciki. Saboda haka kasuwar abin babba ce. In ka shiga Boots, babban kemis ɗinsu, kanta guda ce aka ware wa ƙafa kaɗai. Sunan da ya fi yawa a wurin shi ne Scholl, kamfanin da wani Ba'amurke, William Scholl, ya kafa a Chicago a 1906. Akwai ta ƙasa da fam 10, akwai ta fam 20 zuwa 40, sannan akwai wadda ake auna ƙafarka a yi maka taka kai kaɗai, wannan kuwa a asibitin kuɗi maganar ɗaruruwan fam ake yi. Ka juya kwalin da yawa daga cikinsu ka karanta, a Sin aka yi su, inda kayan Sabon Gari ke fitowa. Don haka sunan Ingila kaɗai kada ya ruɗi kowa.

Kafin a yi maganar saye, ya kamata a san me ke ciwon. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ba a shimfiɗe take dam a ƙasa ba, tsakiyar tafin ta ɗaga ta bar kwarmi. Daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta ɗaure wannan kwarmi, yadda tsirkiya ke riƙe baka. Duk taku ɗaya, bakan ya buɗe kaɗan, tsirkiyar ta ja. In jiki ya ƙara nauyi, ko shekaru suka ja, ko tsayuwa ta yi yawa a wuri mai tauri, sai daidai inda jijiyar ta kama ƙashin diddige ya fara ciwo. Alamarsa ba ta ɓuya. Takun farko da asuba, lokacin da za a fita alwala, shi ne mafi zafi. In an ɗan zagaya sai ya lafa, in an daɗe a zaune aka miƙe ya dawo. Yadda ka kwatanta na Hajiya ya yi kama da wannan, amma ni ba likita ba ne, kuma ba a duba ƙafa ta waya.

Mutanenmu sun ɗauka laushi shi ne magani. Kowa ya taɓa mai ruwa-ruwan nan mai santsi, ko mai soso mai kauri, sai ya ce lallai wannan ita ce. Tana da daɗin taku, ban musa ba, kuma ga wanda gajiya ce kawai ke damunsa ta wadatar. Amma ba ta tallafar komai. Wadda ake nema don kwarmin ƙafa ita ce mai ɗan tauri, wadda ta yi tudu a tsakiya ta kuma yi gurbi mai zurfi da diddige zai zauna a ciki. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora ta a kan tebur, danna tudun da babban yatsa. In ya kwanta nan take, to a ƙarƙashin mutum mai kilo 80 ba abin da zai yi.

Tudun ma ba ɗaya ba ne, don ƙafafun ba ɗaya ba ne. A jiƙa tafin ƙafa a taka kwali ko busasshen siminti. In sawun ya fito duka, ƙafar shimfiɗaɗɗiya ce, tudu mai tsayi zai soke ta ne kawai, ƙarami take so. In tsakiyar sawun ta zama siririya ko ta yanke, kwarmin mai zurfi ne, irin wannan ƙafa tana son tudu mai tsayi da ɗan laushi tare. Yawancin mutane suna tsakiya. Na ga wanda ya sayi mai tsada, ya kwana biyu da ita ya jefar ya ce damfara ce, alhali tudun ne bai dace da ƙafarsa ba. Kuma ko wadda ta dace ba a wuni da ita ranar farko. Awa ɗaya ko biyu ake farawa, a riƙa ƙarawa har ƙafa ta saba. A fara cire ta asalin takalmin, in ba haka ba yatsu za su matsu. Af, ga masu kawo mini ƙarar cewa ɗansu ɗan shekara uku ba shi da kwarmin ƙafa: haka yara suke, sai wajen shekara shida yake fitowa sosai. In ba ya kukan ciwo, a bar yaro ya yi gudunsa.

Inda ƙasar nan ta fi mu ba a kanti ba ne, a wajen dubawa ne. Suna da ma'aikatan lafiya da ƙafa kaɗai suka karanta, kuma ba wanda ya isa ya kira kansa da sunan aikinsu sai mai rajista da hukuma. Da nawa diddigen ya taso, wadda ta duba ni takalmina ta fara karɓa, ta kifa shi ta ga gefen da ya fi cinyewa. Ta sa na yi tafiya ba takalmi tana kallo daga baya, ta danna nan ta danna can, ta tambayi irin aikina. Na zaci za ta ce a yi mini ta awo mai tsada. Sai ta ce ta kanti ta ishe ni, ta miƙo mini takarda mai hotunan motsa jiki, ta ce aikin yana nan. Maganarta tana da tushe. A 2006 an buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 135 masu irin wannan ciwo, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin shimfiɗar kanti da wadda aka yi da awo. Ta awo tana da masu ita, wato waɗanda ƙafarsu ta karkace sosai ko suke da wata lalura, amma ba kowa ba.

Abin da ke takardar kuwa ba ya cin ko kwabo, Hajiya za ta iya farawa gobe. Kafin ta sauko daga gado, ta rataya tawul ko ɗankwali a tafin ƙafar ta ja yatsun zuwa wajenta. Da rana ta dafa bango, ta miƙe ƙafar mai ciwo a baya, diddige a ƙasa, har ta ji sha-raɓa ta ja. Da yamma ta murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin, kada ya wuce minti 20. Ciwo ne mai naci, yakan ɗauki watanni, wani har shekara, amma yawanci yana warkewa ba tare da wuƙa ba.

Kada ka ce a nan komai a sauƙaƙe yake. Ana cewa asibitin gwamnati kyauta ne, kuma gaskiya ne ba a karɓar kuɗi a bakin ƙofa, haka tsarin yake tun 1948. Amma mu baƙi masu biza mun riga mun biya tun kafin mu shigo, kuma daga Fabrairun 2024 kuɗin ya koma fam 1,035 a shekara ga yawancin manya. Bayan haka ga layi. Ciwon diddige ba ya cikin na gaggawa, sai ka yi makonni ko watanni kana ɗingishi kana jiran takarda. Kai kuwa in ka ɗauki Hajiya zuwa asibitin koyarwa na Shika, akwai sashen gashin ƙashi, kuma duk da wahalar layin kati ba za a ce ku dawo bayan damina ba. Abu ɗaya da nake yaba musu shi ne kayan da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka fasa. Amma in ka riga ka sa almakashi ka rage shimfiɗar, ta zama taka.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Duk waɗannan shimfiɗu an yi su ne don takalmi sau-ciki, irin wanda Bature ke ɗaurewa da safe ba ya kwancewa sai dare. Yaushe rabon da ka ga Hajiya da irinsa? Silifas ne da fade, a tuɓe a ƙofar ɗaki, a tuɓe wajen alwala, a tuɓe a gidan biki da gidan gaisuwa. Shimfiɗa ba ta zama a silifas, zamewa take yi. In na aiko ta fam 40 haka nan, ƙarshenta ƙasan akwati. Ga shi kuma mun fasa daɓe mun zuba tayil a ko'ina, tsofaffinmu suna wuni a kansa ba takalmi, kuma wannan na cikin abin da masu duba ƙafa ke fara hanawa.

Mu kuma muna da abin da su suka rasa. A nan gyaran takalmi yana iya kusan kai kuɗin sabo, shi ya sa mutane ke jefarwa kawai. A Zariya shumeka har ƙofar gida yake zuwa yana buga akwatinsa, ga dukawa a cikin birni da suka gaji fata kaka da kakanni, ga cibiyar binciken fata ta tarayya a Samaru da ke koyar da haɗa takalmi. Shawarata, in aiko mai tauri, ku samu wanda hannunsa ya faɗa ya ɗinka mata takalmi mai maɗauri a bayan diddige, ya dasa shimfiɗar a ciki ya rufe da fata mai laushi, ya ɗan ɗaga diddigen kaɗan. A yi biyu, ɗaya na fita, ɗaya na cikin gida da ba ya taka waje. Sai dai shi baduku fata ya sani, bai san jijiya ba, don haka Shika za a fara zuwa. In suka ga abin ya wuce nan, asibitin ƙashi na Dala a Kano yana da masu yin irin waɗannan kayan da awo.

Ku samari masu sayen kambas a gwanjo, ku riƙa zare shimfiɗar da ya zo da ita. Ta riga ta ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko.

Abu biyu nake roƙo. Kada a kai Hajiya kemis a yi mata allura a diddige. Akwai allurar da likita ke yi in komai ya gaza, amma in aka yawaita tana iya cinye kitsen diddige ko ta sa jijiyar ta tsinke. Na biyu, Kawu ya ce shi ma a haɗo da tasa, ka ba shi haƙuri. Mai ciwon suga ƙafarsa takan daina jin zafi, shimfiɗa mai tauri ta goge shi ta yi gyambo bai sani ba. A nan duk shekara ake duba ƙafar masu suga saboda haka. Shi sai abin da likitansa ya ce, kuma ya riƙa zura hannu cikin takalmi kafin ya sa.

Lambar takalmi ta nan ba irin tamu ba ce, 39 ɗinmu ita ce 6 a wurinsu, kuma ko ita ba na amincewa da ita. Ka sa Hajiya ta tsaya a kan farar takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zagaye ƙafafun biyu da biro, a auna tsawon da santimita. Ka ɗauki hoton wannan da na jiƙaƙƙen sawun ka turo mini ta WhatsApp. Akwai mai tahowa bayan Sallah, zan ba shi. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninka.