Na cire furannin roba na dasa tsirrai masu rai a akwatin kifina: abin da ya biya kuɗinsa a zafin Maradi

Kayan da na sayo daga wani mai sayar da kifin ado a Kano kashi huɗu ne: fitilar LED, buhun ƙasar shuka ta cikin ruwa, kwalbar takin ruwa, sai tsirrai iri huɗu. Akwatina na gilashi ne, mai cin lita 80, da ƙananan kifayen ado da ake kira gufi da moli a ciki, kuma kafin nan ba abin da ke ƙasansa sai tsakuwa mai launi da furannin roba. Yanzu kayan sun ga hunturu sun ga bazara, don haka ina da bakin magana. A taƙaice, fitilar ta biya kuɗinta har da riba, tsirrai uku sun kama, ƙasar kuwa da sake, musamman ga wanda bai taɓa yi ba.

Ta hanyar Katsina da Jibiya direba ya kawo su, na je tasha na karɓa. A nan dole in yaba wa mai kayan. Kowane tsiro ya naɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, ya sa a leda ya hura mata iska ya ɗaure, sannan ya jera su a kwali da soso a gefe. Duk da zafin mota, babu wanda ya iso a dafe.

Fitilar fara ce tas, irin mai lamba 6500K, wato haskenta ya yi kusa da na rana tsaka. Ba ta cin wuta sosai, kuma wannan babban abu ne a garin da ake yawan ɗauke wuta, domin ƙaramin batirin sola na gidanmu yana riƙe ta tare da injin iska, wato na'urar da ke hura wa kifi iska cikin ruwa, ba tare da ya galabaita ba. Abin da ba ta da shi shi ne agogon da zai kunna ta ya kashe da kansa, ga shi tsirran nan ba sa son a yi musu wasa da lokaci. Awa 6 zuwa 8 a rana ya ishe su. In aka zarce, gansakuka ce za ta ci moriyar hasken, ta lulluɓe gilashi da ganye. Na sayi agogon daban a wajen masu kayan lantarki a babbar kasuwa. Ina ganin ya kamata a ce yana cikin kwalin tun farko, tunda an ce kayan na sabon shiga ne.

Ƙasar ce ta fi komai tsada, kuma ita ce ta fi ba ni aiki. Ƙwayoyi ne baƙaƙe masu laushi, kamar gero a girma, cike da abincin saiwa. Abin da mai kayan bai gaya mini ba sai da na tambaya shi ne, irin wannan ƙasa tana sakin sinadarin amoniya cikin ruwa a makonnin farko, kuma amoniya guba ce ga kifi, tana ƙona musu sassan da suke numfashi da su. Da na kira shi sai ya ce, "Ai Alhaji, kada ka mayar da kifin yanzu, ka bar ruwan ya nuna tukuna." To da ban kira ba fa? Wannan magana ce da ta kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin buhu. Nunar ruwan da yake nufi ita ce a jira ƙananan halittun da ido ba ya gani su yaɗu a cikin soson matata da ƙasa, su riƙa juya amoniya zuwa nitirait, sannan zuwa nitirat wanda tsirrai ke sha. Hakan kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Duk tsawon lokacin kifayena suna cikin babbar roba a ɗaki, da tsohuwar matatarsu, ni kuma ina ta canjin ruwa a wurare biyu.

Abin da ya ƙara sa na ga ƙasar ba dole ba ce: biyu daga cikin tsirran da suka fi yi mini kyau ba sa ma buƙatarta. Anubiyas, wanda asalinsa ɗan koramun Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, da kuma wanda ake kira Java fern daga kudu maso gabashin Asiya, duk ba a binne su. Suna da wani kauri a gindi wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, in aka turbuɗe shi ruɓewa yake yi. Da zaren ɗinki na uwargida na ɗaure su a jikin dutse, sako-sako, bayan wani lokaci saiwoyin suka kama dutsen da kansu na yanke zaren. Anubiyas ba ya gaggawa, sai a yi makonni kafin ya fid da ganye ɗaya, amma ganyen kore ne shar, mai kauri, kuma kifi ba ya iya yagarsa. Na uku, Balisneriya, mai dogayen ganye kamar ciyawar bakin gulbi, ita ce ke son ƙasa. Da farko tsofaffin ganyenta sun yi laushi sun narke, wanda abu ne da aka saba gani in tsiro ya canza ruwa. Bayan nan ta fara miƙa jijiya ta ƙarƙashi tana fid da ƴaƴa, yanzu ta rufe bayan akwatin gaba ɗaya. Ita ma yashin gulbi da aka wanke sosai, da ƙwayar taki da ake cusawa kusa da saiwa, zai riƙe ta.

Na huɗun, wata ƙaramar ciyawar shimfiɗa da ake kira Monte Carlo, ita ce ta fi kyau a hoto, ita ce kuma ba ta kai labari ba. Tana son haske mai ƙarfi, tana jin daɗin iskar kabon da ake ƙara wa ruwa, ba ta kuma son zafi. Ta lallaɓa cikin sanyin Disamba da Janairu, bazara na shigowa ta yi rawaya ta tashi sama guntu-guntu. Bai dace a sayar wa mutumin Maradi da ita a matsayin ta koyo ba.

Zafin nan shi ne ainihin jarrabawar, kuma babu komai a kwalin da aka tanada dominsa. Yawancin tsirran akwati sun fi sakewa tsakanin digiri 22 da 28. Mu kuwa a Afrilu da Mayu iska tana haura 40, ruwan cikin ɗaki ya wuce 30 cikin sauƙi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, ga shi da dare tsirrai ma shaƙa suke yi ba fitarwa ba, shi ya sa da asuba za ka ga kifi sun taru a sama suna haki. Abin da ya cece ni shi ne buɗe murfi, da ƙaramar fanka mai caji da ke busa saman ruwan, wadda ke rage digiri biyu ko uku, sai injin iska da ba ya mutuwa da dare. Ruwan yana ƙafewa da sauri, don haka kullum akwai bokiti a ajiye wanda ya kwana, warin jabel ɗin famfo ya fita. Akwatin kuma na matsar da shi daga bangon da rana ke duka da yamma.

Takin ruwan ba laifi. Rabin abin da aka rubuta a kwalbar nake zubawa, bayan na canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a kowane mako. In sabon ganye ya fito fari-fari, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, sai in ɗan ƙara.

Wani abin da bai zo a kwali ba amma ya yi aiki fiye da wasu da na biya shi ne kainuwa. Wani maƙwabcina ya ɗebo mini daga tafki a hanyar Madarunfa. Tana yi wa Anubiyas inuwa, tana shanye dattin ruwa da sauri, ƴaƴan gufi kuma suna ɓuya cikin dogayen saiwoyinta har su yi wayo. Sai dai kada a jefa ta kai tsaye. Ruwan tafki na iya zuwa da matsattsaku da ƙananan dodon koɗi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. A wanke ta, a ajiye a bokiti daban na wasu makonni ana dubawa. Tana kuma yaɗuwa sosai, dole a riƙa rage ta don kada ta tare hasken duka.

Akwai abin da nake gani da la'asar in fitila ta daɗe a kunne: ƙananan kumfa suna jeruwa a gefen ganyen Balisneriya, suna sakin jiki ɗaya bayan ɗaya zuwa sama. Iskar shaƙa ce tsiron ke fitarwa. Ƙaramar ƴata ce ta fara lura, ta ce, "Baba, ciyawar tana numfashi." Kifayen ma launinsu ya ƙara fitowa, sun rage firgita in an wuce ta gabansu.

Wanda ke da gwalfish (kifin ado mai ruwan zinariya) ko ƙananan karfasa kada ya wahalar da kansa da tsirrai masu laushin ganye, tonewa za su yi su cinye. Mai ƙananan kifaye irin su gufi, moli ko filati kuwa, shawarata ya sayi fitilar da agogonta, Anubiyas, Java fern da Balisneriya, ya shimfiɗa yashi, kuɗin ƙasar ya sa su a fanka mai caji da injin iska mai batiri. Ya kuma fara aikin a watan Nuwamba, don tsirran su kama sosai kafin zafin Afrilu ya iso.