Rikicewar Hanji: Wace Harza Za Ka Saya a Legas?

Duk wanda ciki ya taɓa murɗa wa yana cikin danfo a tsakiyar cunkoson gadar Third Mainland ya san abin da nake nufi. Shekaru na yi ina fama da wannan lalura da likitoci ke kira IBS, wato hanji mai saurin rikicewa: yau kumburi, gobe gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita. A wajenmu nan Agege kowa ce maka zai yi basir ne, a miƙo maka jiƙo ko agbo. Likita kuma ya ce ka ƙara harza a abinci, abin da suke kira faiba. Shawarar daidai ce, amma harza iri-iri ce, kuma wata tana ƙara wa ciwon wuta.

Akwai wadda ke narkewa a ruwa ta yi yauƙi, irin na kuɓewa. Akwai wadda ba ta narkewa, tana nan da kaushinta, irin dusa. Mai rikitaccen hanji ta farkon yake bukata. A 2009 an buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan kan mutum 275: wasu aka ba su silliyom, wata harza mai narkewa, wasu dusar alkama, wasu kuma garin da ba magani a cikinsa. Masu silliyom suka fi samun sauƙi, da yawa daga masu dusa kuwa suka bar gwajin don ciwon ya ƙaru. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ita ma abin da take faɗa ke nan: a rage dusa, a koma ga mai narkewa.

Silliyom, ko ispagula, ƙaiƙayin ƙwayar wata ciyawa ce da aka fi nomawa a Indiya. A kemis za ka gan shi da sunan Fybogel, a ƙananan fakiti masu giram 3.5 kowanne, ko Metamucil a gwangwani, a shagunan 'yan Indiya kuma ana kiransa isabgol. Shi na fi amincewa da shi, dalili kuwa shi ne yana aiki ta fuska biyu. Yana tsotse ruwa ya kumbura, sai ya tausasa bayan gida mai tauri, ya kuma ɗaure mai ruwa-ruwa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji ba sa rubar da shi sosai, don haka iskar da yake haddasawa kaɗan ce. Fakiti ya fi tsada amma an auna maka, kuma damshin Legas ba ya shiga cikinsa. Ƙaiƙayin zalla ya fi araha, sai dai ka same shi da murfi mai kyau, in ba haka ba damina ɗaya za ta dunƙule maka shi. In kana da ciwon suga, karanta jikin kwalin, domin wasu masu ɗanɗanon lemu an zuba musu sukari. Ka kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Yadda ake sha shi ne inda mutane ke kuskure. Fara da rabin ƙaramin cokali a cikakken kofin ruwa, ka motsa ka shanye nan take kafin ya yi kauri. Bayan kwana huɗu ko biyar ka ƙara kaɗan. Kada ka haɗiye shi a bushe, kada ka sha kana shirin kwanciya, mai wahalar haɗiya kuma ya guje shi. Ka bar tazarar kamar awa 2 tsakaninsa da sauran magungunanka. Ka ba shi wata guda kafin ka yanke hukunci. Ni a makon farko har na so in daina, sai da na rage yawan da nake sha sannan cikin ya karɓa.

Na biyu shi ne ots, irin su Quaker Oats da ke kowane shago. Yana da harza mai narkewa, ana dama shi kamar kunu. Amma in madara na kumbura maka ciki, ka dama da ruwa kawai.

Kafin duk wannan, ka leƙa kasuwar Mile 12. Kuɓewa ɗanya ko busasshiya, ayoyo da Yarbawa ke kira ewedu, karas, gwanda, abarba, lemu: duk suna taimakawa wajen kai giram 25 zuwa 30 da ake so babba ya samu a yini, kuma kuɗinsu bai kai na kemis ba. Miyar yauƙi da tuwon shinkafa ta fi mini sauƙi a kan kusan komai.

Wake kuwa, duk da yawan harzarsa, yana ɗauke da wani nau'in sukari da hanji ba ya narkarwa sai ya rube ya zama iska. Haka albasa, tafarnuwa da alkama. Masana a jami'ar Monash ta Ostireliya su suka tsara wannan rukuni da sunan FODMAP. Don haka in burodin Agege da dafaffen wake na ewa agoyin da safe na tayar maka da ciki, ba kai kaɗai ba ne. Ban ce ka bari har abada ba. Ka rage na 'yan makonni, sannan ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne ne mai laifin.

Abu biyu ba zan ba ka shawarar kashe kuɗi a kansu ba. Hatsin karin kumallo na kwali mai dusar alkama, da garin faiba da ake tallatawa a WhatsApp wanda in ka duba za ka ga wata irin harza ce mai suna inulin, shi kuwa saurin rubewa gare shi. Shayin wankin ciki ya fi su ba ni tsoro, yawanci filasko ne a ciki, yana tilasta wa hanji turo kashi da murɗa, ba harza ba ce sam.

In kana ganin jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko gudawa na tashin ka cikin dare, ko abin ya fara maka bayan ka haura shekara 50, ajiye zancen saye tukuna. Je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja a duba ka, a gwada jini da bayan gida, domin tsutsar ciki da atuni ma suna kama da wannan ciwo.