Jar ƙwayar awo, tonik ɗin kwalba ko ruwan ƙarfe ta jijiya: wanne mai ciki za ta ɗauka?

Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu da fama, Allah Ya raba lafiya. Cikin magungunan ƙarin jini ukun nan da kika jero kina tambayar wanne za ki ɗauka, jar ƙwayar da ake bayarwa a wurin awo, da tonik ɗin da mai kemis ya yaba miki, da ruwan ƙarfen da ake sawa ta jijiya, ki ɗauki ƙwayar.

Ita na sha a cikin autana. Jinina ya yi ƙasa sosai, shara kaɗan zan yi na zauna ina haki, in na ɗago daga sujada jiri ya kwashe ni, ga kwaɗayin taunar ƙanƙara ko da sanyin asuba. Wata dattijuwar nas ce ta miƙo min maganin, amma ba ta sallame ni ba sai da ta zaunar da ni. Ta ce kada in kuskura in kora shi da shayi ko madara, in bar tazarar kamar awa biyu a tsakani, domin ganyen shayi da sinadarin da ke cikin madara suna hana hanji tsotse ƙarfen, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar wanda jiki ke ƙera jini da shi. Ta ce bayan gida zai yi baƙi, kada in tsorata in daina. Na bi maganarta. Ban ji komai ba a satin farko, amma kafin wata ya zagayo na koma yin girkina a tsaye, da aka sake gwaji kuma jinin ya hau. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Ƙwayar tana da arha har mutane na raina ta, alhali ita ce aka fi daɗewa ana gwadawa. Wadda aka rubuta ferrous sulphate 200 a kwalinta tana ɗauke da ƙarfe kusan miligiram 65. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid, wadda kuma gwajin ƙarfin jini (hemoglobin) ya nuna nata ya gaza maki 11 sai a ƙara mata har ya dawo daidai. Idan tana aiki, cikin sati biyu zuwa huɗu za a ga awon jinin ya ɗaga da kamar maki ɗaya. Kuma ba a dainawa don an ji ƙarfi, ana ci gaba kusan wata uku bayan jinin ya daidaita, domin ajiyar jiki ta cika.

Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce: tashin zuciya da taurin bayan gida, abin da ke sa mata da yawa su jefa ta ƙarƙashin katifa. Masu bincike a birnin Zurik na Suwizalan sun gano cewa idan aka sha ƙarfe mai yawa, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin, shi kuma ya tsaya kamar mai gadi ya rufe ƙofar hanji na kusan kwana guda. A rahotonsu na 2017, matan da suka sha rana ɗaya suka tsallake ɗaya jikinsu ya tsotsi kusan kashi 22 cikin ɗari na ƙarfen, masu sha kullum kuma kashi 16. Sai dai matan ba masu ciki ba ne, don haka kada ki rage da kanki. In tana wahalar da ke, ki faɗa musu a wurin awo su gyara miki yadda za ki sha.

Tonik kuwa, na taɓa saya, zaƙi kawai na kwasa. Ki juya kwalbar ki karanta, da yawansu cokali guda bai kai ƙwaya ɗaya ƙarfe ba, kuɗin kuma ya ninka. Amfaninsa bai wuce ga yara da wanda ba ya iya haɗiye ƙwaya ba. Lemon malt da madarar gwangwani ma ki bar su a matsayin abin marmari.

Ruwan jijiya magani ne na gaske, kuma a nan ƙasar aka gwada shi. Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranci wani bincike mai suna IVON a asibitocin Legas da Kano, kan masu ciki 1,056 da jininsu ya yi ƙasa, aka wallafa a 2024. Rabi aka sa musu ruwan sau ɗaya, rabi aka ba su ƙwaya. Da cikin ya kai sati 36, masu ƙarancin jini sun kasance kashi 58 a ɓangaren ruwan, kashi 61 a ɓangaren ƙwaya, bambancin da masanan suka ce bai taka kara ya karya ba. Haihuwar bakwaini ma ba ta bambanta ba. Inda ruwan ya yi fice shi ne cika ajiyar ƙarfe: kashi 5 kawai suka rage da ƙarancinsa, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 16. Abin da na ɗauka a nan shi ne ba duk ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. A wajenmu akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai sikila. Don haka kafin ki zuba kuɗi masu yawa a ruwan, ki nemi a yi miki gwajin feritin, shi ne ke nuna ajiyar. Ruwan na wadda ƙwaya ta gagare ta ne, ko wadda haihuwa ta matso kuma babu lokacin jira. Ba a sa shi a wata ukun farko na ciki.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Kada ki karɓi jajayen ƙwayoyin da ake ƙirgowa daga buɗaɗɗen gwangwani a ƙulla a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Akwai masu kemis da za su yi miki allurar bitamin su ce allurar jini ce. Wanda ya ce zai ɗaura miki ruwan ƙarfe a bayan shagonsa ko a ɗakinki, ki guje shi, domin wani jikin yakan ƙi ruwan nan take, sai a inda akwai kayan ceto ake sa shi. Masu lasifika a tasha da ke alkawarin jini leda biyu cikin kwana uku ƙarya suke yi, ɓargo ba ya ƙera jini da wannan saurin.

Idan kuma akwai mai sikila a gidanku, don Allah kada a ba shi ko ɗaya cikin ukun nan don an ga ya yi fari, sai likita ya gwada. Wanda ake yawan ƙara wa jini matsalarsa ta juye: kowace leda tana shigo da ƙarfe kamar miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya. Su maganin cire ƙarfe ake ba su, ko deferoxamine da ake turawa ƙarƙashin fata na awa 8 zuwa 12 a yawancin darare, ko deferasirox da ake sha sau ɗaya a rana ana bibiyar ƙoda da hanta. Duka biyun suna rage ƙarfen, amma na shan ya fi sauƙin ɗorewa a kai.

Ki ɗora ƙwayar a inda hannun yara ba zai kai ba, kalarta tana ruɗarsu su zaci alewa ce, kuma tana iya kashe ƙaramin yaro in ya sha da yawa. Ki fara yau, ki koma gwaji bayan sati huɗu. In jinin bai motsa ba, ki nemi ganin likita a ranar, ki tayar masa da maganar ruwan jijiyar tun kafin ki shiga watan haihuwa.