Toka zalla ko mai sirkin fafal: wane fenti za a shafa wa ɗaki?

A jikin katin kala, ruwan toka zalla da mai sirkin shuɗi da mai sirkin fafal duk kusan ɗaya suke. Sai sun hau bango ake bambance su, balle a ɗakunanmu na karkara masu ƙaramar taga guda.

Toka zalla a bar wa ofis. A ɗakin da haske bai wadata ba, baƙo zai zaci filasta ce ba a kai ga fenti ba. Mai sirkin shuɗi kuwa, da an kunna farin ƙwan sola shuɗin yake rinjaya, ɗakin ya dushe.

Ni mai sirkin fafal nake zaɓa, irin wanda fafal ɗin ya kwanta sosai, sai ka ƙura ido za ka gan shi. Da hantsi toka ce mai haske, da dare kuma fafal ɗin ya ɗan taso. Ɗan ja-jan da ke cikinsa ya sa ƙurar hunturu ba ta saurin tona masa asiri, kuma yana karɓar farin silin da gadon katako da labule ruwan zuma, shi ya sa ya dace da ɗakin amarya. Ka ɗauki wanda ya ɗan fi abin da kake so haske, don in ya zagaye bango huɗu duhu yake ƙarawa. Gidan da ke da yara a sayi fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, amma fa yana fallasa filastar da ba ta miƙe ba.

Matsalar wannan kalar ita ce haɗi. Masu haɗawa da hannu, su tsiyaya kala daga 'yar kwalba cikin farin fenti, ba sa iya maimaita ta. Haka aka yi mini: bokiti na biyu ya fito ruwan hoda, kusurwar falo ta rabu gida biyu. In za ka shiga Kano, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, ka tafi da lambar kala. Kamfanoni irin su Dulux da Berger kowace kala da lambarta. Ka sayi abin da zai ishe ka a lokaci guda. Bokitin lita 20 mai kyau ya kamata ya yi ciki da falo madaidaita, shafa biyu.

Ka duba murfi, don ana sayen tsofaffin bokitai masu suna a ɗura musu jabu a mayar. Nauyin bokiti ba shaida ba ne, alli ma nauyi gare shi. Ka shafa kaɗan a bango, washegari ka goga tafin hannu. In ya fito da gari, mayar musu da kayansu. Kada ka bar wa mai fenti sayayya shi kaɗai, wasu suna da kamasho a shago, kuma ka tsaya a kansa sa'ad da yake sirka ruwa. Sabuwar filasta a ba ta mako 4 ta bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai taso ya yi wa fafal ɗin dabbare-dabbare.